Kare Mai Takardar Asali

Tun ranar da na dawo ba ku bar ni na huta ba. A masallaci tambaya, a kasuwar Getso tambaya, a majalisarmu ta ƙofar shagon Alhaji Isa mai taki kuwa ba a magana. "Malam Ado, ya shanun Turawa? Da gaske saniya ɗaya tana cika duro da madara?" Ni kuma kullum in ce gajiya ba ta sake ni ba. To yau wata biyu ke nan, gajiya ta ƙare, ƙaryar ma ta ƙare. Zan rubuta muku sau ɗaya, mai dariya ya yi ya gama. Ban ga saniya ko ɗaya ba, in ban da wasu da na hango ta tagar jirgin ƙasa, su ma ba zan rantse ba dawaki ba ne.

Ga wanda bai san ni ba, ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne a Gwarzo, gashina ya yi fari ina yi wa shanu allura. A rugar mahaifina aka haife ni, bayan Dugabau. Fulatanci ya gudu daga bakinmu tun zamanin kakana, shanun ma saura kaɗan, amma abu ɗaya bai gudu ba, sanin asali. Mahaifina yakan tsaya a gaban karsana ya jero uwarta da uwar uwarta har bakwai bai yi tuntuɓe ba, kuma haka yake jero mutane. A gidanmu ba a aure a waje. Matata Hauwa taubashiyata ce, 'yar ƙanwar mahaifina, tun muna yara take tsokanata har yau ba ta daina ba.

Sai ga ɗana Nasiru, malamin makaranta a Kabo, mutum mai shekara kusan talatin, ya zo mini da maganar Hadiza. Ma'aikaciyar jinya ce, kowa yana yabon hankalinta. Amma mahaifinta Malam Tanko mahauci ne a Getso. Na ce, "Mu masu kiwo, su masu yanka? Ina asalinsu? Kakan kakanta wane ne?" Nasiru ya sunkuyar da kai. Yayata kuma, Yaya Ladi, ta riga ta ajiye masa 'yarta Bilkisu, wadda ita ma ba shi ne a gabanta ba, amma wa ya tambaye su? Malam Tanko ya aiko cewa akwai wani manemin, zai jira mu zuwa ƙarshen wata. Na ce to, in na dawo daga tafiya zan ba da amsa. Amsar kuwa tana aljihuna, a'a ce.

Tafiyar ta samo asali ne daga Dokta Garba, likitan dabbobi, abokin karatuna da ya daɗe yana aiki a ƙasar Turawa. Ya bugo mini waya, layi yana yankewa, na ji yana cewa wata ƙungiyar masu kiwo ce ta ƙasa baki ɗaya, masu rubuta asalin dabba a littafi, za su yi babban taronsu, ya ba da sunana. Masu kiwo! Masu rubuta asali! Kafin la'asar na sanar da majalisa zan je in wakilci makiyaya. Wasiƙar gayyata ta zo, na karanta layin farko da na ƙarshe. Akwai wata kalma da ta yi ta maimaituwa a tsakiya, na ɗauka sunan garin ne. Ashe ɗakin kare take nufi. Da na karanta tsakani da Allah da na gane, amma mutumin da ya riga ya yi shela a majalisa ba ya son dogon karatu.

Na haɗa kaya: sandar kiwon mahaifina, malfa, hoton bijimina fari, da ƙullin yaji. Ranar tafiya da safe sai ga Malam Tanko da kansa a kan babur, ya durƙusa ya gaishe ni kamar ba sa'ana ba, ya miƙo kilishi ƙunshi guda mai nauyi.

"Malam, ga ɗan guzuri. An ce can abincinsu ba gishiri."

Na karɓa da fuska a ɗaure, na ce an gode. Ƙamshinsa kuwa, wallahi, har cikin kaina.

Alhaji Isa ne ya kai ni Kano a motarsa. Muka biya ta Kabo muka ɗauki Nasiru. Tun daga nan har filin jirgi Alhaji Isa yake ba ni saƙo: in tambayo masa me suke ba shanunsu, in kuma da hali in ɗauko masa hoto ina tatsa. Sai da zan shiga ciki Nasiru ya riƙe jakata ya ce, "Baba, maganar nan fa?" Na ce, "Na ce in na dawo." Ya saki jakar.

Jirgi ba abin da zan ce a kansa sai dai ƙafata ta kumbura, kuma shinkafar da suka ba mu ko akuya ba za ta ƙoshi da ita ba. Wahalar tana iyakar ƙasarsu. An buga mini fasfo lafiya, na ɗauki jakata ina tafiya da malfa da sanda, sai na ji abu yana shinshina ƙafata. Na duba, kare! Ɗan guntu mai dogayen kunnuwa, sanye da riga mai tambarin gwamnati. Na ɗaga sanda, wata ma'aikaciyar kwastan ta daka mini tsawa. Karen ya zauna a gaban jakata yana kallona kamar alƙali. Aka buɗe, aka zaro kilishin Malam Tanko. Na yi bayani, na ce nama ne busasshe, rana ta kashe duk abin da ke ciki. Ta ce ba a shiga da nama. Ta jefa shi a kwandon shara ina kallo, ta ba karen wani abu a baki, ta ce masa aikinsa ya yi kyau. Ni da na yi shekaru ina aiki ba wanda ya taɓa gaya mini haka. Na shiga banɗaki na wanke gefen rigata sau bakwai, ƙasa ce dai ban samu ba, ko'ina tayil.

Dokta Garba yana jirana a waje. Muka rungume juna, muka shiga mota, ya dubi sandar.

"Ado, wannan sandar ta mece ce?"

"Ta gado ce. Zan nuna wa makiyayansu."

Sai ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya kifa kai a kan sitiyari yana dariya har da hawaye. Da ƙyar ya ce, "Karnuka ne, Ado. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ce."

Na ce, "Garba, ka ji tsoron Allah."

Ya ce ba wasa yake yi ba. Ashe allurar haukan kare da na yi wa karnukan mafarauta a Kabo da Gwarzo, aikin da na karɓa don ba wanda ya yarda ya yi, rahoton da na rubuta ina tsaki, shi ne ya kai hannunsu. Kwanan nan suka buɗe sashen jin ƙan karnuka, suna neman wanda zai ba su labarin na Afirka. Na tuna walimar da Alhaji Isa ya yi mini, da addu'ar da liman ya yi wa shanun jama'a albarkacin tafiyata. Na ce wa Garba ya juya ya mayar da ni. Ya ce jirgina sai bayan kwana shida.

Gidan Garba yana da nisa da wurin taron, don haka aka sauke ni gidan wata tsohuwar 'yar ƙungiyar, Madam Hilda. Ta haura saba'in, ita kaɗai a gida, 'ya'yanta sai waya. Na ce ita kaɗai, amma akwai maigidan, wato Bobi. Kare ne gajere mai faɗi, fuskarsa a lotse kamar an buga ta da faranti, hanci ya shige ciki, harshe a waje. Yana da kujerarsa, da bargonsa, da likitan haƙoransa. Numfashinsa kuwa tun daga ƙofa kake ji, kamar injin niƙa da ya sha ruwa. Na roƙi Madam alfarma ɗaya, kada ya shiga ɗakin da nake salla. Ta amince, amma ta ce in gaya masa da kaina cikin ladabi, don yana da saurin fushi.

Abinci dankali ne dafaffe da wani ganye, ba gishiri ba barkono. Malam Tanko ya yi gaskiya. Yajina ne ya cece ni. Da safe kuma na gano wata kwalba a kicin cike da biskit mai ƙarfi, mai ɗan gishiri-gishiri da ƙamshin nama. Siffarsa kamar ƙashi, na ɗauka ado ne. Kwana biyu ina jiƙa shi a shayi, ina cewa a raina ashe dai suna da abin kirki. Rana ta uku Madam ta ɗaga kwalbar ta ga ta yi ƙasa, ta juya kan Bobi tana yi masa faɗa, wai ya koyi sata da tsufansa. Bobi ya kalle ni, na kalli taga. Na bar kare ya ɗauki laifina, Allah ya yafe mini. Da Garba ya zo na ja shi gefe ya karanta mini kwalin biskit ɗin, ya ce rago ne da shinkafa, sannan hankalina ya ɗan kwanta.

A falonta akwai wata takarda a cikin gilashi, da hatimi ja. Na tambaya, ta ce asalin Bobi ne. A takarda ba Bobi ba ne sunansa, wani suna ne layi guda cur, wai Yarima Tauraron Asuba na Uku na gidan wane. Ga uwa da uba, ga kakanni, har hawa biyar. Na sa tabarau na bi da yatsa, sai na ga suna ɗaya ya fito ta wajen uwa, ya fito ta wajen uba, ya sake fitowa a sama. Kakansa na nan shi ne kakansa na can. Gaskiya raina ya yi fari. Na ce, "Madam, ashe kun san abin da ake ciki! Mu ma haka muke yi. Jini mai kyau ba a kai shi waje." Na zaci za ta ji daɗi. Ta dube ni kawai, ta ce shayina zai huce.

Wurin taron ya fi kasuwar Getso girma ranar da ta cika. Karnuka iri-iri: masu gashi har ƙasa, marasa gashi sam, wani kamar ɗan maraƙi, wani ko ɓera ya fi shi. Na ga dattijo da kwat a durƙushe yana busar wa kare gashi da na'ura. Na ga mata tana fesa wa wani turare a wutsiya. Idan aka kira aji, sai masu su ɗauki igiya su yi ta zagaye da sassarfa, alƙali yana duba haƙora yana taɓa cinya, kamar dillali a kara. Wanda ya ci a ba shi ƙyalle, mai shi ya fashe da kuka. Na ce wa Garba, "To in ya ci sai me? Farauta zai yi ko gadi?" Ya ce, "Haihuwa zai yi. Kowa zai kawo karyarsa gare shi." Na ce to ai ko shanu haka ake yi.

A nan Garba ya ba ni tarihinsu, muna zaune a bayan rumfar masu sayar da igiya. Ya ce tun zamanin kakannin Madam aikin ƙungiyar ɗaya ne, riƙe littafi. Wanda uwarsa da ubansa suke ciki ya shiga, wanda ba sa ciki ko ya iya karatu ba zai shiga ba. Kuma kowane iri da siffar da aka rubuta masa. An rubuta irin su Bobi gajeren hanci, sai masu kiwo suka yi ta gasar gajarta shi, uba da 'ya, wa da ƙanwa, har hancin ya ɓace. Shekarun baya sai aka nuna a talabijin yadda karnukan nan suke shaƙewa, wasu ƙafar baya ta shanye, wasu farfaɗiya. Ƙasa ta ɗauka. Kamfanonin da suke ɗaukar nauyin gasar suka janye, mutane suka yi ta zagi. Ƙungiya ta rabu biyu, dattawa suna cewa gadon iyaye ne, matasa da likitoci suna cewa zalunci ne. Daga ƙarshe aka hana haɗa uba da 'ya da kuma 'yan ciki ɗaya, aka gyara siffofin da aka rubuta, aka buɗe littafi na biyu na karnukan da ba su da asali, aka ƙara kalmar jin ƙai a allon ƙofa. Aka kuma zaunar da likita a bakin fili, ko kare ya ci gasa sai ya duba shi.

"Wancan teburin ka gani? Ni ne nake zama a can gobe," in ji Garba. "Bara na hana wani zakaran gasa wucewa, mai shi ya ce in koma ƙasarmu."

Na ce, "To dattawan suna da gaskiya mana. Asali wasa ne?"

Ya ce, "Madam ɗinka ce ta fi kowa ɗaga murya a ɓangarensu. Yanzu ita ce shugabar sashen jin ƙai."

Rana ta huɗu aka ba ni minti ashirin. Hoton bijimi yana jaka, ba ranarsa. Garba ya haska hotunan da na ɗauka lokacin allura. Na yi bayanin yadda muke bin mafarauta gida-gida, da yadda sai an sha rantsuwa cewa allurar ba ta kashe zuciyar kare. Sai hoton Barsu ya fito, karen wani maharbi a Dugabau, ja, siriri, kunne ɗaya a yage, ya tsaya a kan kunya yana kallon daji. Wata ta ɗaga hannu ta ce wane iri ne. Na ce kare ne. Ta ce ta gani, amma wane iri? Na ce irin na Dugabau. Suka rubuta. Wani ya ce sau nawa yake ganin likita a shekara. Na ce ranar da na yi masa allura ce ganinsa na farko, kuma ya cije ni. Aka ce shekararsa nawa, na ce mai shi ya ce ya girmi 'yarsa da ke aji shida, kuma har yanzu yana wuni yana bin zomo. Aka yi ta tafi. Wata farfesa ta tashi ta ce irin wannan lafiyar suke nema su dawo wa karnukansu da ita.

Sai wani dattijo mai gashin baki, daga layin gaba, ya miƙe a hankali. Ya ce, "Wane ne ubansa?"

Na ce, "Ba a sani ba. Duk karen unguwar ana zarginsa."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "To ba shi da asali ke nan. Da a ce nan ne, ko ƙofar wancan filin ba zai shiga ba."

Kun san ni da zuciya. Ban san lokacin da na buga sandar mahaifina a ƙasa ba. Na ce, "Asalin me? Kai naka mai takarda hawa biyar, zai iya gudu daga nan zuwa bakin titi? Wannan kuwa ka ga aikinsa, ka ga lafiyarsa, ka ga halinsa, sannan ka tsaya kana tambayar kakan kakansa? Kakan ne zai yi maka farautar?"

Zauren ya kaure da tafi. Ni kuwa sai na ji maganar ta dawo mini a kunne da muryata, amma a zaurena na Gwarzo, Nasiru yana gabana da kai a sunkuye. Na zauna ban ƙarasa ba, Garba ya zaci hawan jini ne. Kada wani ya ce Malam Ado ya haɗa mutum da kare, Allah ya kiyaye, ɗan Adam daraja gare shi. Tambayar ce dai iri ɗaya, kuma da na ji ta a bakin wani sai na ga muninta.

Duk da haka ban sauka ba. Na ce a raina, wannan zancen dabba ne, namu daban.

Washegari da hantsi Madam ta ce in raka ta ta zagaya da Bobi. Ba mu kai ƙarshen layi ba ya zube a gefen hanya, harshe ya yi shuɗi, yana jan iska ba ta shiga. Aikina ne, ban tsaya tunanin riga ba. Na durƙusa na buɗe bakinsa na jawo harshen, na miƙar da wuyan, na ce ta zuba masa ruwa a ƙirji. Da ƙyar ya dawo. Ni na ɗauko shi a hannu har gida, miyau duk a jikina.

Ba ta shiga ciki ba, ta ja ni bayan gida. A gindin katanga akwai ƙananan duwatsu a jere, kowanne da suna. Ta ce 'yan'uwan Bobi ne da 'ya'yan uwarsa, wasu ko wata shida ba su yi ba.

"Duk lokacin da ɗaya ya mutu sai in ce rashin sa'a ne," in ji ta. "Likita ya gaya mini, na canza likita. A taro na tashi na ce ba wanda zai koya mini abin da na gada. Ni na haɗa iyayensu da hannuna, don takardar can ta yi kyau." Ta share ido. "Rannan ka ce ku ma haka kuke yi. Da shanu?"

Na ce, "Da mu kanmu."

Ta juyo ta dube ni. Ni kuma bakina ya buɗe. Na gaya mata ni da Hauwa mun binne biyu. Sikila. Ɗan farinmu yana da shekara tara, ƙanwarsa shida. Na gaya mata yadda yaron yake riƙe gwiwa yana cewa ƙashinsa ana sara, ni ina riƙe da shi ba abin da zan iya. Na gaya mata wani likita a Kano ya zaunar da mu ya yi mana bayanin jini, na fito na ce wa Hauwa kada ta kula shi, kwana ne ya ƙare. Kwana ne ya ƙare, wannan gaskiya ne, na yi imani. Amma ni ma'aikacin dabbobi ne, na san abin da nake gaya wa makiyayi idan maruƙansa suka fara fitowa a raunane: ka canza bijimi. A gidan Yaya Ladi ma an binne ɗaya.

Madam ta ce, "Ya sunansu?"

Na ce, "Maryam." Sai na tsaya. A wajenmu uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, kunya ce. Yana raye ban taɓa kiransa da shi ba, sai dai "kai" ko "yaron nan". Ya rasu ban kira ba. Tsohuwar tana jira, ba ta san al'adarmu ba. Na ce, "Usman." A bayan gidan Baturiya, a gaban kabarin karnuka, da miyan kare a rigata, nan na fara faɗin sunan ɗana. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

Dawowa ba labari. Karen kwastan bai kula ni ba, ba ni da abin da yake so. Alhaji Isa da Nasiru suka tare ni a Kano, Alhaji yana ta tambayar hoton tatsa, na ce waya ta lalace. Da muka zo Kabo na ce wa Nasiru kada ya sauka, gobe zai raka ni Getso. Ya dube ni ta madubi.

Na tafi da babbar riga, ina ganin alfarma zan yi wa mahauci. Malam Tanko ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

"Malam, ya kilishi? Turawa sun yaba?"

Na ce, "Wani ma'aikacin gwamnati ne ya fara jin ƙamshinsa tun a filin jirgi. Ko yanki bai bar mini ba."

Ya ji daɗi ƙwarai. Sannan na gyara murya na ce na zo ne in ce na amince, maganar asali na ajiye ta. Na jira godiya. Malam Tanko ya ɗan sosa gemu.

"Madalla, Malam, Allah ya saka. Sai dai mu ma mun yi ɗan bincike, ka san aure. Gidanku gidan mutunci ne, ba wanda ya faɗi aibu. Amma an ce mana akwai ciwo a jinin. Yarinyar kuma aikinta ke nan, tana ganin yaran a asibiti. Ta ce a yi haƙuri, sai Malam Nasiru ya kawo takardar gwaji. In ta dace da tata, shi ke nan."

Ni Ado, jikan masu jero kakanni bakwai, mahauci yana tambayata takarda! Na buɗe baki, sai na tuna mai gashin baki, na rufe. Na ce, "Gaskiya ne. Za a kawo."

Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Da ƙafata na raka Nasiru ɗakin gwaji, muka zauna a benci. Takarda ta fito AS, yana ɗauke da shi amma bai kama shi ba. Ta Hadiza AA. Mai gwajin ya ce ba matsala. Bilkisu da ta ji labari ta je ta yi nata ba tare da sanin uwarta ba, ta aiko mini da hoton a waya: AS, irin na Nasiru. Ba ta rubuta komai a ƙasa ba. Yaya Ladi har yau ba ta amsa gaisuwata, tana cewa na je Turai karnuka sun canza mini ra'ayi. Ban musa ba.

An sa rana bayan girbi, duk kuna cikin gayyata, kuma Alhaji Isa ya daina tambayata hoto. Takardun biyu na sa su a gilashi ɗaya na rataye a falo, inda hoton bijimi yake da. Ranar da na rataye, Hauwa ta shigo da faifai a hannu tana tankaɗe, ta tsaya a gabansu. Ba ta iya boko ba, amma ta san ko mene ne. Ta daɗe tana kallo.

"Malam, da akwai wannan takardar a zamaninmu, da ban aure ka ba."

Sama da shekara arba'in tana tsokanata, na san muryarta ta wasa. Na jira ta yi dariya. Ta gyara gilashin da ya ɗan karkace, ta koma tsakar gida ta ci gaba da tankaɗe.